Sakan 89: cinikin da ya kai makaɗan rok na Japan kunnen duniya

Japan ce ta biyu a duniya wajen girman kasuwar waƙa, Amurka kaɗai ke gabanta. Duk da haka an daɗe kiɗanta bai cika tsallake teku ba. Kasuwar gida ta ishi kamfanoninsu, ba su ga dalilin wahalar da kansu da waje ba, ga kuma harshe ya tsaya a tsakani. To sai ga shi yau ana samun saurayi a Brazil ko Masar ko Kano wanda ko gaisuwa bai iya da Japananci ba, amma da zarar an saki "Silhouette" ta KANA-BOON zai bi ta baiti-baiti. Ba a rediyo ya tsince ta ba. A buɗewar Naruto Shippuden, wani anime, wato fim ɗin zane na Japan, ya riƙa jin ta, kashi bayan kashi, har ta zauna masa.

Yadda aka yi masu jita da ganga, waɗanda yawancinsu suka taso a ƙananan gidajen kiɗa na ƙarƙashin ƙasa a Tokyo da Osaka, suka zama masu buɗe wa fim ɗin zane ƙofa, maganar kuɗi ce tun kafin ta zama maganar fasaha. Ni ban ga abin kunya a nan ba. Sai ma an fahimci cinikin sannan a gane abin da ya sa wata waƙar take manne wa labari kamar tare aka haife su, wata kuma da ji ka san aronta aka yi.

Da can ba haka abin yake ba. Lokacin da Tetsuwan Atom, wanda aka fi sani da Astro Boy, ya fara fita a talabijin a 1963, yara ne suka rera waƙarsa, marubucin waƙoƙi Shuntaro Tanikawa kuma ya tsara baitocin. A shekarun 1970 aikin ya koma hannun mawaƙan da suka ƙware a kansa, irin su Ichiro Mizuki mai waƙar Mazinger Z ta 1972. Waƙar wancan zamani kirari ce zalla: a kira sunan jarumi, a kira makaminsa, a tabbatar wa yaro cewa mugu zai sha kashi. Mawaƙin da ke ji da kansa bai cika kusantar wannan fage ba, don kiɗan yara ake ɗaukarsa.

Katangar ta fara tsagewa a 1983, da Anri ta yi wa Cat's Eye waƙa ta hau saman jadawalin Oricon, ma'aunin cinikin faifai na Japan. A 1987 City Hunter ya zo da dabarar da har yau ake kwaikwayo. Maimakon a jira labari ya ƙare sannan a sa waƙar rufewa, sai kiɗan "Get Wild" na TM Network ya fara shigowa a hankali jarumi na tsakiyar maganarsa ta ƙarshe, hoton ya tsaya cak, kyamara ta ja baya, sannan waƙar ta buɗe. Babu sunan jarumin a cikinta ko sau ɗaya. Daga nan kamfanonin faifai suka ga cewa waƙar anime za ta iya zama waƙar kowa, a saye ta a shago ba tare da an ji nauyi ba.

Shekarun 1990 ne lokacin da kasuwar faifan CD ta kai ƙololuwa a Japan, kuma a lokacin ne abin ya zama tsari. Kamfanin Being ya cika Slam Dunk, shirin 'yan ƙwallon kwando, da mawaƙansa: BAAD a buɗewa, WANDS da ZARD da Maki Ohguro a sauran gurabe. Sony ya yi irin haka da Rurouni Kenshin a 1996, ya jero Judy and Mary, T.M.Revolution, L'Arc-en-Ciel da Siam Shade. A nan ne mutum zai ga cinikin tsirara. Kenshin labarin wani mai takobi ne a farkon zamanin Meiji, cikin ƙarni na 19, wanda ya kashe mutane ba adadi, ya yi rantsuwar ba zai sake kisa ba. Waƙar buɗewarsa ta farko, "Sobakasu", budurwa ce take tuna soyayyar da ta watse, tana maganar ɗigo-ɗigon fuskarta. Babu takobi, babu tuba, babu Meiji. Kuma ta sayar da faifai sama da miliyan ɗaya. Wanda ya taso da ita ba zai yarda a taɓa ta ba, ni ma ina son ta a matsayin waƙa, amma gaskiya ita ce talla aka rataya a ƙofar labarin.

Me ya ba kamfanin faifai wannan ikon? Yawancin anime na talabijin ba sutudiyon zane ke biyan kuɗinsa ba. Kwamitin shiryawa ake kafawa: kamfanin da ke buga manga, wato littafin labarin zane da ake ɗauko shirin daga ciki, gidan talabijin, mai sayar da faifan bidiyo, mai ƙera kayan wasan yara, kamfanin talla, sau da yawa har da kamfanin waƙa. Kowa ya zuba nasa kason, kowa ya ɗauki ɓangaren da zai ci riba a kai. Ladar kamfanin waƙa ita ce gurbi biyu, buɗewa da rufewa, ya sa wanda ya ga dama daga cikin mawaƙansa. Da yake shekarar talabijin a Japan an raba ta zango huɗu na wata uku-uku, kowane zango kashi 12 ko 13, dogon shiri yakan canza waƙa bayan zango ɗaya ko biyu. Naruto da Shippuden sun haura kashi 700 daga 2002 zuwa 2017. Lissafa gurabe nawa ke nan, kowanne da sabon faifai a kasuwa.

Sony ya fi kowa cin moriyar wannan tsari, domin yana zaune a kujera biyu. Aniplex, kamfanin da ke shirya anime, mallakar Sony Music na Japan ne. Saboda haka lokacin da Fullmetal Alchemist ya fito a 2003, waƙoƙinsa duk daga gida suka fito, ciki har da "Ready Steady Go" ta L'Arc-en-Ciel da "Rewrite" ta Asian Kung-Fu Generation. Waɗannan biyun, da FLOW, da KANA-BOON daga baya, duk sun zauna a ƙarƙashin Ki/oon, wani reshe na Sony. Idan ka taɓa mamakin yadda sunaye kaɗan ke ta maimaituwa a Naruto da Bleach da Fullmetal, ga dalilin nan. Mai kallon fina-finan Kannywood na zamanin kaset ya san irin wannan lissafin, lokacin da waƙa ke jawo wa fim masu saye, fim kuma ya ɗaga mawaƙi, ko da baitin bai haɗa hanya da labarin ba.

Sai dai abin da ya fi jan hankalina ba kuɗin ba ne, ƙuncin wurin ne. Gurbin waƙa minti ɗaya da rabi ne, kuma da yake ana barin ɗan shiru a farko da ƙarshe, mawaƙi sakan 89 yake da shi. Ba ƙari, ba ragi. Waƙar Japan ta zamani kuwa hawa uku take yi kafin ta cika: baitin farko mai sanyi, baiti na biyu mai ɗaga zuciya, sannan amshi inda komai ke fashewa. Dole duk ukun su shiga cikin sakan 89, tare da ɗan kiɗan share fage inda sunan fim zai bayyana, da wurin sauka a ƙarshe.

A nan ne rok ya samu shiga, kuma lissafi ne mai sauƙi. Waƙa mai tafiyar bugu 90 a minti, cikin sakan 89 ba za ta wuce gaɓa 33 ba idan kowace gaɓa bugu huɗu ce. Mai bugu 180 za ta samu wajen 66. Wato mai sauri yana da ninki biyu na fili a cikin ɗaki ɗaya. Makaɗa huɗu, jita biyu da bes (jita mai kaurin sauti) da ganga, da suka saba zabga kiɗa da gudu a ƙaramin zaure, su ne suka fi dacewa da wannan awo. Ga kuma labaran da suka fi cika gurbin yamma, na mujallar Shonen Jump da ire-irenta: yaro ya faɗi, ya tashi, ya sake gudu. Muryar saurayi da ke neman tsagewa a saman amshi tana faɗin wannan tun kafin a fahimci kalma ɗaya.

Masu zane ma a kan waƙar suke gini. Ana ba su guntun sakan 89 ɗin, daraktan buɗewa ya tsara hotunansa bugu-bugu. Duba kowace buɗewa ta shirin faɗa da kyau za ka ga tsarin: a baitin farko jarumi na tsaye shi kaɗai ko yana tafiya, abokansa na bayyana ɗaya bayan ɗaya, a baiti na biyu sama ta yi duhu, a nuno abokan gaba ko abin da ya wuce, ganga ta yi ɗan tsaiko, sai amshi ya faɗo daidai da sara na farko. Sakan 90 a hoto 24 kowane sakan ya kama firam 2,160, kuma sau da yawa a nan sutudiyo ke zuba gwanayenta, don wannan guntun za a maimaita shi kowane mako.

Waƙoƙi biyu sun ishe mu ganin iyakar abin daga gefe zuwa gefe. "Haruka Kanata" ta Asian Kung-Fu Generation ba don Naruto aka yi ta ba. Tana cikin ƙaramin faifansu na 2002, lokacin suna samari da suka haɗu a jami'ar Kanto Gakuin a Yokohama, ba su ma shiga babban kamfani ba tukuna. A 2003 aka ɗauko ta aka sa a buɗewa ta biyu. Bes ne ke fara ta shi kaɗai, kamar mai ɗumama inji, ganga ta biyo, jita ta afko, sannan Masafumi Gotoh ya shigo da murya mai kaushi yana maganar taka mota da ƙarfi a fice. Babu ninja a ciki. Amma ƙuncin saurayin da ke jin an bar shi a baya, wanda yake son ya ɓalle ko ta halin ƙaƙa, shi ne dai Naruto. Dace aka yi, amma dacen yana da tushe: masu kiɗan da masu kallon damuwarsu ɗaya ce.

"unravel" kuma, wadda TK na ƙungiyar Ling tosite sigure ya yi wa Tokyo Ghoul a 2014, daga cikin labarin ta fito. Jarumin ɗalibi ne da ya wayi gari rabinsa mutum rabinsa dodo mai cin naman mutane. Waƙar tana farawa da siririyar murya, kusan raɗa, kiɗan bayanta kaɗan ne ƙwarai, sai ka ji kamar za ta katse. Can sai komai ya rushe a kanta lokaci guda, jita da piyano da ganga, muryar ta koma ihu. Mutum biyu ne a maƙogwaro ɗaya, kuma labarin ke nan gaba ɗayansa. Masu karatun mangar da yawa ba su gamsu da yadda aka mayar da shi talabijin ba, musamman zango na biyu, amma ban taɓa jin wanda ya kushe waƙar ba. A ganina wannan ne mizanin da ya kamata a auna sauran da shi: mawaƙi ya karanta labarin har ya gano inda ya taɓa nasa ciwon, ya rera daga nan, ba ya taƙaita mana abin da zai faru ba.

Akwai inda aka wuce haka ma. Makoto Shinkai ya jawo RADWIMPS cikin aikin Your Name na 2016 tun fim ɗin bai kammala ba, suka yi masa kiɗan duka, har ya riƙa gyara tsawon wasu fitowa don su bi waƙa. Shekaru kafin nan, a 2000, Kazuya Tsurumaki ya gina FLCL mai kashi shida a kan waƙoƙin The Pillows, ƙungiyar da ta kafu tun 1989 ba ta taɓa zama ta sahun gaba a gida ba. Da aka nuna shi a Amurka a 2003, sai ga su da masoya a ƙasar da ba su nema ba, har suka je suka yi wasa a 2005.

Fitar waƙoƙin waje ma ba da shiri aka yi ta ba. Da farko masu fassara cire su suke yi. Kamfanin 4Kids a Amurka ya sauya buɗewar One Piece da waƙar rap a 2004. A ƙasashen Larabawa, tashar Spacetoon da ta fara a 2000 ta riƙa nuna anime da waƙoƙin Larabci, irin na Tarek Alarabi Tourgane da Rasha Rizk, kuma duk wanda ya taso a gida mai tauraron ɗan adam da ke kamo tashoshin Larabawa, a Sudan ko Chadi ko arewacin Najeriya, waɗannan ya sani a matsayin waƙar shirin Detective Conan, ba ta The High-Lows da Japanawa suka ji a 1996 ba. Waƙoƙi ne masu kyau, kuma sun cancanci nasu sharhin. Intanet ne ya juya lamarin. Da masoya suka fara yaɗa shirye-shiryen da muryar asali da rubutun fassara a ƙasa, waƙar ta taho a manne da kashin. Wanda ya karɓi Naruto a memori wurin masu turi, da FLOW ɗinsa ya karɓa.

Makaɗan sai suka bi sawu. Wasan L'Arc-en-Ciel na farko a Amurka a taron masoya anime na Otakon aka yi shi, a Baltimore a 2004. A 2012 suka zama 'yan Japan na farko da suka jagoranci wasa a babban zauren Madison Square Garden. A 2022 "The Rumbling" ta SiM, buɗewar Attack on Titan, ta hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard na rok mai nauyi a Amurka. A 2021 kuma Sony ya sayi Crunchyroll, babbar manhajar kallon anime a wajen Japan, a kan dala biliyan 1.175. Kamfani ɗaya ke nan yake da mawaƙin, da hannu a shirya fim ɗin, da kuma tagar da duniya ke kallo ta ciki.

Nan ne damuwata take. Na farko, ƙungiya takan koma waƙa ɗaya. Asian Kung-Fu Generation suna da faifai fiye da goma, Gotoh ya yi rubutu mai nauyi a kan siyasa da makamashin nukiliya bayan girgizar ƙasa ta 2011, amma a wajen Japan da yawa "masu waƙar Naruto" kawai suka san su. Mai sauraro ya san sakan 89, bai san cewa waƙar tana da baiti na gaba da kiɗan tsakiya ba, balle sauran faifan. Na biyu, awon ya fara cin kiɗan. Da zarar matashin makaɗi ya san cewa hanyar fita ita ce gurbin anime, zai fara rubutu da agogo a hannu: share fage gajere, amshi da wuri, hawan murya a daidai inda sara zai faɗo. Saurari buɗewa goma na zango guda a jere, shida za su narke maka su zama ɗaya. Ƙungiyar da kiɗanta ke buƙatar minti biyu kafin ya buɗe, ko wadda ba ta ƙarƙashin kamfanin da ke zaune a kwamiti, tana iya fin su duka, duniya ba za ta ji ta ba. ONE OK ROCK sun nuna ana iya fita ta wata hanyar, da waƙa cikin Turanci da yawon wasa a Amurka da Turai, amma su ma fina-finan Rurouni Kenshin na 'yan wasa, daga 2012, sun taimaka musu ƙwarai.

Duk da haka ba zan bi masu cewa wanda ya yi wa anime waƙa ya sayar da kansa ba. Wannan magana ta tsufa ko a Japan. Makaɗan yanzu da anime suka girma, masu zanen ma da waɗannan makaɗa suka girma. Bocchi the Rock! na 2022 labarin 'yan mata huɗu ne da suka kafa ƙungiya a Shimokitazawa, unguwar ƙananan gidajen kiɗa a Tokyo, kuma sunayen gidansu, Gotoh da Ijichi da Yamada da Kita, sunayen 'yan Asian Kung-Fu Generation ne. A kashin ƙarshe jarumar ta rera tsohuwar waƙarsu ta 2008, yara da yawa suka koma neman ta asali. Wannan ma Aniplex ne, wato ciniki bai fita daga ciki ba, sai dai wanda ya rubuta labarin da gaske yake son kiɗan, kuma ana ji.

Matsin da ke tafe daga wani wuri yake. A talabijin dole ka zauna waƙa ta wuce. A manhaja akwai maɓallin tsallakewa, kuma mai kallon kashi goma a dare ɗaya zai danna shi. A TikTok kuma sakan 89 ɗin ma ya yi yawa, amshi kaɗai ake yanka. Martani iri biyu ake gani. Wasu suna cusa komai a ciki, kamar Official Hige Dandism a "Cry Baby" ta Tokyo Revengers, mai sauya maƙamin murya sau da yawa har mai bi ya rasa inda zai kama, ko King Gnu a "SPECIALZ" ta Jujutsu Kaisen, da ta ƙi yin gudu ta zaɓi tafiya mai nauyi da ban tsoro. Wasu kuma tsarin suke karyawa. Sutudiyon MAPPA ya ɗauki nauyin Chainsaw Man a 2022 ba tare da kwamiti ba, don haka babu kamfanin da ya mallaki gurbin, sai suka ba kowane kashi nasa waƙar rufewa, guda 12 daga mawaƙa 12, har da Maximum the Hormone da TK, kowace an yi ta daidai da abin da ya faru a makon. Ba wanda ke tsallake waƙar da bai taɓa ji ba.

A ƙarshen 2022 Takehiko Inoue, marubucin mangar Slam Dunk, ya fitar da fim ɗin The First Slam Dunk, wanda shi da kansa ya ba da umarni. Masoya sun zaci zai dawo musu da waƙoƙin Being na 1993 da 1994, bai yi ba. The Birthday ya ɗauko, ƙungiyar Yusuke Chiba mai tsohuwar murya ta mashayin taba, ya sa bes ɗinsu ya fara shi kaɗai yayin da fensir ke zana 'yan wasan Shohoku, ƙungiyar jaruman labarin, ɗaya bayan ɗaya suna tahowa, kowane kayan kiɗa na shigowa tare da mutum guda. Rufewa kuma ya ba 10-FEET, makaɗa uku daga Kyoto da suka kafu tun 1997, kuma "Dai Zero Kan" ta kai su Kohaku, babban bikin waƙa na ƙarshen shekara na tashar NHK, a 2023, karo na farko a tarihinsu, bayan shekara 26 suna kiɗa.